Ina bin sawun Tania a Piedras Negras: inda aikin ya kai

4 ga Agusta, 2025

To jama'a, dogon hutu ya kama, kuma bana na ce ba zai ƙare a barci da zaman majalisa ba. Abun da na sa a gaba ɗan ƙaramin littafi ne na yaran kulob ɗin lissafi na makarantarmu a kan ƙidayar mutanen Maya, waɗanda suka yi zamani a kudancin Meziko da Gwatamala da Beliz da yammacin Honduras. Dalili kuwa, duk shekara in muka iso darasin nan na ƙirga da bibbiyu ko takwas-takwas maimakon goma-goma sai ajin ya mutu murus, kuma tambayar yaran ɗaya ce kullum, Malam wai don Allah wa yake ƙirga haka a duniya? To ga waɗanda suka yi, da ashirin-ashirin, har da sifili, kuma ba a allo suka rubuta aka goge ba, a dutse suka sassaƙa.

Sai dai lissafi zalla ba ya zama a kan yaro sai an haɗa masa da labari, shi ya sa zan rataya shi a kan rayuwar mace ɗaya, Tatiana Proskouriakoff. Abokan aikinta Tania suke ce mata, ni ma haka zan riƙa cewa don sunan gidan nan nasu sai ya karya wa yarana harshe. Ita ce a 1960 ta nuna cewa rubutun da ke jikin duwatsun Maya tarihin sarakuna ne na gaske, masu ranar haihuwa da ranar hawa da ranar mutuwa, alhali manyan fannin sun yi shekara da shekaru suna cewa ba komai a ciki sai lissafin taurari da bautar lokaci. Shirina shi ne in bi aikinta tun daga tushe, sannan in sake yin wani ɓangare na lissafin da hannuna in ga ko zai fito.

9 ga Agusta

Na gama babin farko, na ƙuruciyarta. An haife ta a 1909 a Tomsk can cikin Siberiya, babanta masanin sinadarai ne, gwamnatin sarkin Rasha ta tura shi Amurka lokacin yaƙin duniya na ɗaya ya riƙa duba makaman da ake ƙera musu, iyali suka bi shi, sai ga juyin juya halin 1917, komawa gida ta gagara, suka yi zamansu a jihar Pennsylvania. A 1930 ta gama digiri a zanen gine-gine, daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye ba mai ɗora bulo kan bulo, to wa zai ɗauki mai zanen gini, mace ma kuwa? Haka ta yi ta 'yan buge-buge, har da zana fasalin da masu surfani ke bi, kuma ta nan ta fara shiga gidan tarihi na Jami'ar Pennsylvania tana yi musu zane ba ko sisi.

A can Linton Satterthwaite ya ga hannunta, shi ne ke jagorantar tonon da gidan tarihin ke yi a Piedras Negras, wani tsohon birnin Maya a bakin kogin Usumacinta ta ɓangaren Gwatamala, tsallaken kogin kuma Meziko ce. A 1936 ya tafi da ita. Ba hanyar mota a lokacin, kan alfadari ake ratsa dajin. Aikinta shi ne awo da zana abun da aka tono.

Abu ɗaya na ja wa layi don yara mata na kulob ɗin: matar nan har ta bar duniya ba ta yi digiri a binciken kayan tarihi ba. Amma ba na son su ɗauka cewa karatu ba komai ba ne, don da karatun zanen ginin nata ta shiga, kuma da shi ta fi kowa gani.

14 ga Agusta

Satin nan ƙidayar na zauna wa. Ɗigo ɗaya shi ne ɗaya, sanda ita ce biyar, sanda uku da ɗigo huɗu sha tara kenan, daga nan sai a hau gida na gaba. Doguwar ƙidayar kwanaki gida biyar gare ta: kin kwana 1, winal kwana 20, tun kwana 360, katun kwana 7,200, baktun kwana 144,000, kuma duk daga rana ɗaya ake soma ƙirga su, wadda a lissafin da aka fi yarda da shi ta faɗa cikin Agustan shekara ta 3114 kafin haihuwar Annabi Isa.

Na baje kwali a tsakar gida na ja gidaje biyar da alƙalamin maka, wake ya zama ɗigo, tsinken ashana ya zama sanda, na kira 'yata 'yar aji shida ta zama zakaran gwajin dafi. Ta kama da wuri fiye da yadda na zata, tana cika wake biyar ta kwashe ta ajiye tsinke, har muka zo gidan winal na ce mata nan in ya kai sha takwas ake ɗauka a kai gaba, ba ashirin ba. Ta ɗago ta kalle ni.

"Baba ai wannan cuta ce, ko'ina ashirin sai nan?"

"To ninka 18 da 20 mu gani."

"Ɗari uku da sittin."

"Shekara kwana nawa ce?"

Sai ta yi shiru, can ta ce "au, wayo suka yi." Yadda ta faɗa ɗin nan haka zan sa shi a littafin, don ya fi duk bayanin da na rubuta. Uwargida dai ta ce a dawo mata da wakenta cif.

20 ga Agusta

An ɗauke wuta tun shekaranjiya, kwamfuta ta mutu, a waya nake ta zuƙo hotunan zanenta ina kallo. Kai, matar nan ta iya zane. Tsibin duwatsu ne da bishiyoyi suka cinye, amma sai ta auna abun da ya rage, ta duba inda bango ya tsaya da kaurinsa da inda matakala ta fara, ta tayar da ginin a takarda kamar jiya magina suka sauka. Zanen da ta yi na unguwar fadar Piedras Negras shi ya kai ga Sylvanus Morley na Cibiyar Carnegie, ya ruɗe, ya nemo mata kuɗi ta tafi Copán a Honduras a 1939 ita kaɗai, daga nan ta zama ma'aikaciyar Carnegie. A 1946 aka buga kundin zane-zanenta na gine-ginen Maya, kuma har yau in ka buɗe littafi a kan Maya da wuya ka rasa ɗaya daga ciki.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne aikinta na 1950. Duwatsu da yawa rubutun kwanan watansu ya goge, to ita sai ta bi ɗaruruwan waɗanda nasu bai goge ba tana kwatanta yadda ake sassaƙa gashin tsuntsun da ke kan hula, da takalmi, da bante, da yadda mutum ke tsayuwa, zamani bayan zamani, har ta kai in ka ba ta dutse marar kwanan wata za ta ƙiyasta maka lokacinsa daga salon sassaƙar kawai. Masu ba da labarinta a taƙaice sukan wuce wannan da gudu kamar share fage ne kafin ainihin abun, ni kuwa ina ganin nan ne ainihin abun. Sauran masana lambobin suke karantawa su bar hoton, ita kuma shekara ashirin da wani abu tana ƙura wa hoton ido, da wurin da aka kafa kowane dutse, da wanda ke kusa da shi. Ranar da ta waiwayo kan lambobin ai ba da ido irin nasu ta zo ba.

27 ga Agusta

Yau na iso zuciyar aikin, kuma na daɗe a kai don ina son in fahimce shi yadda zan iya gaya wa ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare ba tare da na duba takarda ba.

Mutanen Piedras Negras suna da wata ɗabi'a da ta taimaka ƙwarai, duk bayan kwana 1,800, kusan shekara biyar kenan, sai su kafa dogon dutse mai rubutu, kuma sun daɗe suna yi ba fashi. Tania ta lura ba barkatai ake kafa su ba, rukuni-rukuni ne, a jera wasu a gaban wannan gini, sai a bari a koma gaban wani. Ta kuma lura dutsen farko a rukuni yakan zo da hoto iri ɗaya, mutum zaune a cikin wani gurbi a sama, ga tsani a ƙasa an shimfiɗa masa ƙyalle da sawun ƙafa yana hawa. Dutse mai lamba 25 haka yake, da 6, da 11, da 14. Da can cewa ake yi allahn wani zamani ne a zaune.

Sai ta duba kwanakin watan kowane rukuni, ta ga akwai guda biyu da ake ta maimaitawa a cikin rukunin amma ba sa tsallakawa zuwa na gaba. Na farko shi ne mafi tsufa, yana zuwa da wata alama mai kama da kan kwaɗo an ɗaga shi sama, kuma kullum ya girmi dutsen farko na rukunin da shekaru masu dama, wato abu ne da ya faru tun kafin a fara kafa duwatsun. Na biyu yana zuwa da alamar wani kai da aka ɗaure wa haɓa da ƙyalle kamar mai ciwon haƙori, shi kuma yakan faɗo dab da kafa dutsen farkon nan mai tsani. Tazarar da ke tsakanin kwaɗo da mai ciwon haƙori ba ta gaza shekara 12 ba, ba ta wuce 31 ba. Kuma cikin rukuni bakwai ɗin da ta fitar babu wanda daga farkonsa zuwa ƙarshensa ya zarce tsawon ran ɗan Adam. To me ke faruwa da mutum sau ɗaya, sannan bayan shekara sha biyu zuwa talatin wani babban abu ya same shi har a zana shi ya hau sama ya zauna, sannan in an yi 'yan shekaru a daina maganarsa a koma kan wani? Haihuwa, hawan gadon sarauta, mutuwa. Sarakuna bakwai ne a jere.

Abun da ya sa tsigar jikina ta tashi, ba ta karanta kalma ko ɗaya da lafazinta ba. Tsarin kwanakin kawai ta bi. Kuma lambobin nan ba ɓoyayyu ba ne, Teobert Maler ya wallafa hotunan duwatsun tun 1901, Morley ya bi ya karanta kwanakin ya buga, suna nan a kan kantar kowa.

Na gwada da sarki na uku, wanda yanzu ake karanta sunansa K'inich Yo'nal Ahk na biyu. Kwaɗonsa 9.11.12.7.2 (gidajen nan biyar ne a jere, daga baktun zuwa kin), mai ciwon haƙorinsa 9.12.14.13.1. Na ɗebe, ya ba ni katun 1, tun 2, winal 5, kin 19, wato 7,200 da 720 da 100 da 19, kwana 8,039, shekara 22 kenan. An haife shi ƙarshen 664 bayan haihuwar Annabi Isa, ya hau a farkon 687. Wallahi sai da na tashi na zaga tsakar gida.

31 ga Agusta

Dutse mai lamba 3 zan sa a matsayin babban aikin gida na littafin, don labari ne cikakke kuma na mace. Ya fara da 9.12.2.0.16, jimilla kwana 1,383,136, ya faɗa Yulin 674, da alamar kwaɗo, amma sunan da ya biyo baya na mace ne, wadda ake kira Uwargida K'atun Ajaw daga wani gari Namaan. Sai rubutun ya ce a ƙara tun 12 da winal 10, kwana 4,520, ranar da aka gabatar da ita ga mijinta, sarki na ukun nan, tana 'yar shekara 12, saura kwana 45 ya hau gadon ubansa wanda ya rasu cikin 'yan kwanakin bikin. A ƙara katun 1, tun 1, winal 11, kin 10, sai ga wani kwaɗon a 708, ta haifi 'ya mace tana da shekara 33. Dutsen kansa na 711 ne, kuma a jikinsa ga ta nan zaune a kan karaga da 'yar ƙaramar yarinyar a gefenta.

Daɗin abun, masu sassaƙar sun bar maka hanyar duba amsarka. Suna da wata kalandar mai kwana 260, lamba 1 zuwa 13 tana juyawa tare da sunayen ranaku 20. Ranar haihuwarta 5 Kib ce. Raba 4,520 da 13 saura 9, 5 da 9 sha huɗu, cire 13 saura 1. Raba da 20 ba saura, sunan ranar bai canza ba. Amsa 1 Kib. Ka duba dutsen, 1 Kib ɗin ce a rubuce. Malamin da ya mutu shekara dubu da ɗari uku da suka wuce ya yi maka maki.

Ita Tania ce ma dai ta rubuta a 1961 cewa masu dogayen rigunan nan a sassaƙar Maya mata ne, da can limamai maza ake ɗaukarsu.

6 ga Satumba

Na kai wa abokin aikina malamin tarihi daftarin ya duba, dattijo ne ya kusa ritaya, ya karanta a shagon mai shayi yana gyaɗa kai, da ya gama sai ya ce, "Malam, ni fa ban ga abun mamaki ba. Duk wanda ya taɓa jin tarihin Kano ya san haka ake jera sarakuna, wane ya yi shekara kaza, Rumfa daga 1463 zuwa 1499, sai wane ya gaje shi. Da Bakano suka nuna wa da tuni ya gaya musu."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai kai an riga an gaya maka sarakuna ne kafin ka ji lissafin. Su kuwa babban malaminsu ne ya ce musu ba sarakuna ba ne."

Babban malamin kuwa shi ne J. Eric S. Thompson, Baturen Ingila, wanda a zamanin in ya yi magana a kan Maya ta zauna. Shi da Morley sun gina hoton wasu mutane masu zaman lafiya da limamai ke jagoranta, ba ruwansu da yaƙi ko alfaharin sarauta, sai kallon sama. Amma a ba shi haƙƙinsa, da ya ga hujjar Tania ya sallama, kuma ya faɗa a rubuce. Wanda bai taɓa sallama wa ba har ya mutu a 1975 shi ne Yuri Knorozov na Leningrad, wanda tun 1952 ya ce alamomin nan da yawansu gaɓoɓin sauti ne, kuma shi ma gaskiyarsa ce ta fito daga baya. Akwai kuma Heinrich Berlin da ya gano a 1958 cewa kowane babban birni yana da alamarsa ta kansa. Zan ba su shafi ɗaya su ukun don kar yara su ɗauka mutum ɗaya ce ta yi komai, amma ba zan bari su cinye mata littafin ba.

Malam dai bai yarda ba, ya ce in ƙara masa shayi.

13 ga Satumba

Babin ƙarshe na rayuwarta ya fi ba ni wuya, ba don rashin abun faɗa ba. Carnegie ta rufe sashenta na tonon kayan tarihi a 1958, Tania ta koma gidan tarihi na Peabody a Harvard, a can ta rubuta maƙalar 1960 ɗin a mujallar American Antiquity, sannan a 1963 da 1964 ta yi wa Yaxchilán irin wannan aikin, birnin da ke sama da Piedras Negras a kogi ɗaya, ta fito da sarakunansa da yaƙe-yaƙensu da fursunonin da suka kama, nan labarin masu zaman lafiya ya ƙare. Yaxchilán ɗin ce ma ta kama sarkin Piedras Negras na ƙarshe a 808.

Sai kuma aikin da ni da kaina ba zan iya ba ko da kuɗi: korayen duwatsu masu daraja da aka yaso daga rijiyar hadaya ta Chichén Itzá, wani birnin Maya a Meziko, an ƙona su an farfasa kafin a jefa, ta zauna wajen shekara goma sha biyar tana haɗa gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, aka buga littafin aikin a 1974. Gwatamala ta ba ta lambar girma ta Quetzal a 1984, ta rasu a 1985, a 1998 abokan aiki suka kai tokar gawarta Piedras Negras suka binne a saman fadar da ta zana. Wannan na ƙona gawa na san yara za su yi ta tambaya, zan faɗa a layi ɗaya in ce al'adar wasu ce in wuce.

Abun da ba zan wuce da sauri ba shi ne ɓarayi. A shekarun 1960 an shiga Piedras Negras da zarto an yanyanka duwatsu da dama an fitar da su ana sayar wa masu kuɗi a waje. Duk hujjar matar nan a kan wane dutse ne yake gaban wane gini ta tsaya, to in an yanke shi an kai falon wani ai an kashe rabin maganarsa.

22 ga Satumba

An koma makaranta, na gwada babin ƙidaya da na dutse mai lamba 3 a kulob ranar Alhamis. Wake da ashana sun yi aiki, kwalin ne ya yi kaɗan, sai na sa aka ja gidajen da alli a kan siminti. Wajen haɗawa ba matsala, wajen ɗebewa ne aka yi ta faɗuwa, in za su ara daga gidan tun sai su aro 20 maimakon 18, kusan rabin ajin, don haka zan ƙara misalai uku na aro kafin a kai ga sarki na uku. Wata yarinya ta gama nata ta duba ta ga 1 Kib ta fito, ta buga tebur ta ce "Malam ya yi!" har na ajin kusa suka leƙo, sannan ta tambaye ni 'yar da aka haifa a 708 ɗin ita ma ta yi sarauta? Na ce mata a'a, namiji ne ya hau a 729, sarki na huɗu, kuma shi ne aikin gidansu na mako mai zuwa, an haife shi 701 su nemo min shekarunsa ranar hawa.

Saura in zana alamar kwaɗon da ta mai ciwon haƙorin da hannu don hoton da na fitar a firinta ya yi baƙi ƙirin ba a ganin komai, malamar zane ta ce za ta taimaka in na kawo mata takarda mai kauri. Sai taswirar kogin, sai kuma in je in ji nawa mai fotokwafi zai yi min kwafi arba'in.